Zanin Da Ke Jikin Gunki Na Tara

A kasuwar Asigame ta birnin Lome, in aka ambaci Mesan, kowa da abin da yake faɗa. Manyan matan da ke sayar da atamfa a saman bene cewa suke yi ba a taɓa haihuwar namiji mai harshe irin nasa ba: miƙa masa gefen zani ya lasa, ido rufe, zai faɗa maka ko Holan ce ko jabu. 'Yan dako cewa suke yi mutumin kirki ne, sai dai kada ka ba shi ajiya. Masu tsegumi kuwa ba su manta ba cewa shi ne ya riƙa zare atamfofin rumfar uwarsa turmi bayan turmi, yana sayarwa yana cike gurbinsu da jabu, har ranar da wata amarya ta wanke kayan aurenta ruwan ya koma kamar zoɓo. Daga ranar ba wanda ya sake sayen ko ƙyalle a hannun uwar tasa, Da Kayi. Ta sauko daga rumfa, ta koma bakin hanya da tiren zare da maɓallai.

Shekara tara ke nan. Ita kaɗai ce ba a taɓa jin bakinta a kansa ba. In an matsa mata, sai ta ce, "Ya san hanyar gida."

Ya san ta. Bai bi ba.

Ranar Juma'a da rana tsaka su uku suka haɗu a bayan shagon wani kafinta mai ƙera akwatin gawa a unguwar Be. Akwai Mesan. Akwai Dose, direban motar ɗaukar gawa ta shagon. Akwai kuma shugabansu, Janar, ko Fo Janar, wato yaya Janar a yarensu, wanda bai taɓa shiga soja ba. Hula ya saya a gwanjo, sunan ya biyo hular.

"Gobe ƙarfe sha ɗaya," in ji Janar, yana dangwala soyayyiyar doya cikin yaji. "Sabon gidan tarihin nan na bakin teku. Za su buɗe baje kolin tufafin mutanen da. Gumakan roba goma sha biyu, kowanne sanye da kayan kakar wata mai kuɗi."

"Tsummokara ke nan," Dose ya ce. "Fo Janar, maza na fasa banki, mu kuma za mu kwashe shanya."

"Jahili. Akwai wani dillali, Musye Gaston, da ke fita da su ƙasashen Turawa. A can in tsumma ya kai shekara sittin, sunansa tarihi."

"Ashe singiletina ta kusa yin daraja."

"Taka ko gobara ba ta so." Janar ya lashe yatsa. "Gobe kaɗai za a buɗe gilasan don masu ɗaukar hoto. Daga jibi sai na'urar ƙararrawa. Mai gadi kuma gobe shi ne mai raba lemo."

"Da me za mu fita?" Mesan ya tambaya. Ita ce maganarsa ta farko.

Dose ya buga ƙirji. "Da motata mana. Gobe Asabar, garin nan kaf jana'iza ne. Wane ɗan sanda ne zai tsare gawa ya ce ta buɗe baki? Mu zuba kaya a akwati, in kunna jiniya, shi ke nan."

Janar ya nuna Mesan da guntun doya. "Kai aikinka lasa. Abin da harshenka ya ce na gaske ne mu ɗauka, abin da ya ce jabu ne mu bari. Ba na son in kai wa mutum shara. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka cika shiru. Mai shiru ko waliyyi ne ko munafuki."

"Ko mai cin abinci," Mesan ya ce, ya ɗauki doya ta ƙarshe.

Washegari tun ƙarfe goma zauren gidan tarihin ya cika. Gumaka goma sha biyu sun yi layi a jikin bango, ba su da kai, kowanne da riga da zani, da ɗan kati a ƙasa mai sunan matar da ta taɓa sa kayan. A kujerun gaba manyan matan kasuwa sun baje, kowace ta ci kujera ɗaya da rabi, suna fifita da katin gayyata. Wakilin minista bai iso ba. Shugaban gidan, Dakta Amuzu, ya gaji da jira ya fara jawabi. Ya yi shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje yana nazarin zani, amma bai taɓa wanke ko ɗaya ba.

"Iyayenmu mata," yake cewa, "tufafi littafi ne. Tufafi harshe ne. Tufafi, in na iya cewa, ƙasa ce."

"Tufafi zafi ne," in ji Madam Sikavi, babbar cikinsu, tana share wuya. "A kunna fanka."

Can baya, kusa da ƙofa, wata tsohuwa tana tsaye don ba a ajiye mata kujera ba. Da Kayi ce. Ba ta ji jawabin ba. Idonta na kan gunki na tara. Zanin da ke jikinsa na mahaifiyarta ne, Adaku, mai ƙyafa kifi, wadda ta yi shekara huɗu tana tari kafin ta saye shi, ta ɗaura shi ranar bikin samun 'yanci. Shi kaɗai ne Holan da ya rage wa Da Kayi, kuma ta riga ta faɗa wa matan cocinsu cewa a cikinsa za a naɗe ta in ta mutu. Ta ba da aronsa ne don abu ɗaya: Dakta ya ce za a rubuta sunan mai shi. Adaku ta rayu ta mutu ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba.

Jiniya ta yi kuka a ƙofar gida. Mutane suka miƙe suna gyara ɗaurin kai, a zatonsu wakilin minista ne.

Mutum biyu suka shigo, fuska a rufe da baƙar safa, hannu da bindiga. Na ukunsu yana jan akwatin gawa a kan ƙaramin keke.

Janar ya harbi rufi — tau! Farar ƙasa ta zubo kan takardar Dakta.

"Kowa ya kwanta! Ƙasa!"

Dakta Amuzu ya riga kowa. Masu ɗaukar hoto suka bi shi, mai gadi ya kife da tiren lemo. Matan kujerun gaba ko motsi.

"Ba ku ji ba? Na ce ƙasa!"

Madam Sikavi ta dube shi daga hula har takalmi. "Ɗana, ka san abin da ke jikina kuwa? Ka ga ƙasar nan, lemo ya malale. In harbi ne ka harbe ni a zaune, kuma ka nufi goshi, kada ka ɓata mini riga."

"Ni ma haka," in ji ta kusa da ita.

Janar ya ɗan rasa abin yi da bindigar. "To ku zauna! Wadda ta tashi ta mutu!" Ya juya. "Kai, lasa!"

Mesan ya ɗage safar zuwa hanci. Gunki na farko, katinsa ya ce shekara saba'in. Ya kama gefen zanin ya kai baki.

Sitaci. Sitaci da ganyen shayi.

Ya san wannan aikin. Sabuwar jabu ce aka jiƙa a ruwan shayi aka shanya a rana kwana uku don ta yi fuskar tsufa. Holan ta gaske tana barin ɗan ɗaci a bayan harshe ko ta shekara nawa. Ya matsa ga na biyu. Shayi. Na uku. Shayi, har da sukari. Na huɗu ko wahalar jiƙawa ba a yi ba.

Ya waiga ya dubi kujerun gaba, sai ya gane. Na gasken suna nan, a jikin masu su. Ba macen Asigame da za ta fitar da zanin kakarta daga akwati ta miƙa wa mai digiri. Sun aiko masa da abin da ya dace da idonsa, su kuma sun ɗauro na ainihin sun zo kallo.

"Yaya?" Janar ya daka masa tsawa.

"Bari in gama."

Biyar. Shida. Bakwai. Takwas.

A na tara bai kai baki ba. Shuɗi ne mai zanen ƙananan jiragen ruwa, ya sha wanki har ya yi laushi kamar fatar jariri. Ƙamshin kafur na akwatin ɗakinsu ya bugi hancinsa. A gefen ƙasa ga ƙunar dutsen guga, an zagaye ta da jan zare. Shi ya ƙona, yana ɗan shekara takwas. Ranar uwarsa ba ta doke shi ba. Cewa ta yi, "Ka ce in yi haƙuri, magana ta wuce." Ya tsaya, bakinsa ya ƙi buɗuwa, ya ruga waje. Tun daga nan kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Ya karanta katin. Adaku, mai ƙyafa kifi.

Bai waiga baya ba. Ya san in zanin yana nan, mai shi tana nan.

Ya lashi ukun da suka rage don cika aiki. Shayi, shayi, shayi. Lissafin ya fito masa a fili. In ya faɗi gaskiya, zani ɗaya za a ɗauka, kuma na uwarsa ne. In kuma Janar ya gane inda sauran suke, zai tuɓe matan nan da bakin bindiga, sai an zubar da jini.

"Duk na gaske ne," ya ce. "Ban da wannan na tara. Jabu ne. A bar shi."

"Kwashe!"

Dose ya shiga tuɓe gumaka yana cusawa a akwati kamar mai kwashe wanki ruwa ya taso. Matan suna kallo, suna fifita. Ɗaya har ta ce masa, "Ka yar da ɗankwali, ga shi can."

Akwati ya cika. Janar ya dubi gunki na tara. "Ɗauko wancan ma. Mu rufe kayan da shi, kada ƙura ta taɓa su."

"Na ce maka shara ne."

"Shara ai ita ta dace da murfi. Dose, fizgo shi!"

Dose ya kai hannu zai finciko. Mesan ya riƙe masa wuyan hannu.

"Bari ni."

Ya kwance ɗaurin a hankali. Ya kama gefe biyu ya haɗa, baki ya hau baki. Ya ninke gida uku, fuskar zanen a ciki, ya kifa a kan gwiwa ya shafe da bayan hannu sau biyu, ya sake ninkewa, ƙunar ta ɓuya a tsakiya. Bai yi niyya ba. Hannunsa ne ya yi abin da aka koya masa a rumfa.

"Kai, ɗan iska, shago ka buɗe? Mu je!" in ji Janar.

Suna fita da akwatin suka wuce ta gaban tsohuwar da ke bakin ƙofa. Ba ta dubi bindiga ba, ba ta dubi fuskarsa ba. Hannunsa ta duba.

Sufeto Cala ya iso bayan minti arba'in a kan acaɓa, kurata biyu na biye da shi a kan wani, don motar ofishinsu tana wajen jana'izar surukin wani babba. Ya tarar da Dakta Amuzu yana zagaya gumaka tsirara yana cewa an yi wa ƙasa fyaɗe.

"Wa aka yi wa asara?" Sufeto ya tambaya, ya buɗe littafi.

"Ni," in ji Madam Sikavi. "Zanin kakata. Da shi ta yi rawa da gwamna."

"Nawa ya girmi naki," wata ta ce. "Lokacin da kakata ta saye shi, taki tana talla."

"Tallan gwal, ba," in ji Madam Sikavi.

Sufeto ya rubuta, ya rubuta, sannan ya ɗaga kai. Shekararsa ashirin a aiki. Ya taɓa ganin mace ta suma don an sace mata ɗankwali. Ga mata goma sha ɗaya an kwashe musu gadon kakanni, kuma ɗaya tana tambayar ko za a raba abincin tunda an riga an dafa.

Can ya hango tsohuwa ta durƙusa gaban gunki na tara tana goge ɗan katin da bakin zaninta.

"Dada, ke fa?"

"Nawa ne wannan."

"Kin gane wani a cikinsu?"

Ta ci gaba da goge katin. "Idona ya tsufa, ɗana."

"Da me suka tafi?" ya tambayi mai gadi.

"Motar gawa, ranka ya daɗe. Da jiniya."

Ɗan acaɓan da ya kawo Sufeto ya leƙo ta taga. "Mai baƙin labule? Ai abokaina sun bi ta. Sun ce daga ganin akwatin, mamacin mai hali ne."

A nan ne dabarar Dose ta tashi daga dabara. Ranar Asabar a Lome motar gawa ba ta tafiya ita kaɗai. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su ji jiniya, su bi, su yi kuka a ƙofa, a ba su shinkafa da kaza da abin sha. Kafin motar ta bar titin bakin teku babura shida na bin ta. A shataletale sun zama ashirin, suna hon, wasu na kaɗa hankici. Wata motar haya cike da mata masu baƙaƙen kaya ta juyo ta shiga layi.

"Su wane ne waɗannan?" Janar ya ce.

"Masu makoki."

"Makokin wa?"

"Ba sa tambaya, Fo Janar."

"Kashe jiniyar! Taka mota!"

Dose ya taka. Baburan suka taka. Wani ya matso jikin taga yana ihu, "Direba, a gida za a ci ko a coci?" A mahaɗa wani ɗan sanda ya tsare sauran motoci, ya cire hula ya sara musu.

Mesan yana baya tare da akwatin, tafin hannunsa a kan murfi.

Suka shiga wani tsohon ɗakin ajiyar siminti a bakin tafki, Dose ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sakata. A waje aka fara waƙar coci.

Musye Gaston yana jiransu cikin farar kwat, yana toshe hanci da hankici. Kusa da shi wata tsohuwa ce 'yar firit da ya kawo ta duba masa kaya, zaune a kan bulo tana cin gyaɗa. Mesan na ganinta ya san asirinsa ya kusa tonuwa. Bai san sunanta ba, amma ya san irinta. Irin matan da suka tsufa a cikin atamfa ne.

"Mene ne wannan hayaniya?" Gaston ya tambaya.

"Rufin asiri ne," in ji Janar. "Duba kaya."

Tsohuwar ta kakkaɓe hannu. Ta ɗaga na saman ta ajiye gefe, ta jawo na ƙasa. Ta lasa, ta tofar. Ta jawo wani. Ta tofar. A na biyar ta daina lasa, shinshinawa kawai take tana jefarwa.

"Wa ya dafa muku shayi da zani?" ta ce.

"Me kike nufi, tsohuwa?"

"Jabu. Jabu. Wannan ma bara aka buga shi, jikata na da irinsa." Sannan ta ɗauki mai shuɗin. Ta dubi ninkin. Ta taɓa shi da harshe, ta lumshe ido. "Wannan kaɗai ne zani. Kuma wanda ya ninke shi ɗan gida ne."

"Shi zan saya," in ji Gaston. "Sauran ku yi tsumman goge mota."

Janar ya juyo a hankali. "Duk na gaske ne, ban da na tara. Haka ka ce, ko kunnena ne?"

"Haka na ce."

"To na gasken suna ina?"

Tsohuwar ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta. "A jikin masu su mana. Ba ku ga mata a wurin ba?"

Janar ya tuna matar da ta ce ya nufi goshi. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ɗaga bindiga.

Mesan ya riga ya ɗauke zanin daga cinyar tsohuwar. Ya rungume shi ya ja da baya.

"Ajiye shi."

"Ba na sayarwa ba ne, Fo Janar. Na uwata ne. A ciki za a binne ta."

"Sai a binne ku tare."

A waje aka fara dukan ƙofa. "A buɗe mana! Tun bakin teku muke biye!"

Dose ya dubi bindiga, ya dubi ƙofa, ya yi wa kansa hisabi. Ya zare sakata zai sulale — ƙofar ta banko shi. Jama'a suka ɓarko ciki da waƙa da kuka, mata suna faɗuwa kan akwatin suna kiran mamacin baba. Biyu suka cafke Dose. "Kai ne direba, ina ake rabon abinci?"

Tau!

Mesan ya ji kamar an maka masa taɓarya a cinya. Ya faɗi. Yana faɗuwa ya ɗaga hannu sama da zanin, kamar mai ƙetare rafi da takarda.

Waƙa ta koma kururuwa. Janar ya ture mata biyu ya yi ƙofar baya, ya faɗa cikin laka ta bakin tafki. Laka ta riƙe shi har gwiwa. Sufeto Cala, wanda hon ɗin babura ya jawo har wurin, ya zagayo ta gefe.

"Yar da ita!"

Janar ya juyo da bindiga a hannu. Kurtu ɗaya ya riga shi — tau! tau! Hular gwanjo ta faɗa ruwa ta kama hanya ita kaɗai.

Sufeto ya dawo ciki ya tarar da Mesan kwance, jini na bulbula, hannu har yanzu a sama.

"Kawo ƙyallen nan in ɗaure maka ƙafa."

"A'a. Ɗauki na cikin akwati. Goma sha ɗaya ne, zaɓi wanda ka so." Numfashinsa na sarƙewa. "Wannan na Da Kayi ne, mai zare a bakin Asigame. Don Allah kada ya kwana a ofishinku."

Sufeto ya dube shi, ya tuna tsohuwa mai goge kati. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa.

Ga yadda aka tashi. Janar ya koma gari a cikin akwatin da ya zo da shi, masu makoki suka samu gawa amma ba su samu shinkafa ba, kuma har yau suna jin haushin. Dose ya faɗi duk abin da ya sani tun kafin a tambaye shi. Musye Gaston ya fito da kati mai nuna shi mashawarcin al'adu ne, ya ce shi ya gano maɓoyar ɓarayin, aka gode masa a rediyo. Tsohuwa mai gyaɗa ba wanda ya ga fitarta. Zannuwa goma sha ɗaya suka koma jikin gumakansu, har da wanda aka ɗaure rauni da shi, kuma layin masu kallo ya kai titi. Matan Asigame ba su faɗa wa kowa jabu ne ba. Gunki na tara ma an tufatar da shi: Sufeto ya sayi yadi biyu na shuɗiyar jabu a bakin hanya ya miƙa wa Dakta Amuzu, Dakta ya karɓa da hannu biyu yana hawaye. Sunan Adaku yana nan a ƙasa.

Mesan kuwa likita ya ce ƙafar ba za ta sake miƙewa daidai ba, lauya ya ce ya sa rai da shekara goma.

Kwana na huɗu a asibiti, hannunsa ɗaure da ankwa a jikin gado, ya ji an ajiye kwano a kan durowa. Ƙamshin tuwon masara da miyar kifi. Ya juyo.

Ta rame fiye da yadda ya zata. Ta zauna a bakin gado, ta ɗora ƙullin leda a cinya. Ta bakin ledar ana hango shuɗi.

"Ka ci tun da zafi," ta ce.

Bai iya ɗaga ido ba. "Kin gane ni a can."

"Mutum uku na koya wa ninkin nan. Biyu sun mutu."

"Ba ki faɗa wa ɗan sandan ba."

"Ya tambayi idona ne. Bai tambayi cikina ba." Ta gyara ledar. "Na buɗe shi na duba. Ko ɗigon jini babu. Na so in mayar da ninkin, hannuna ya ƙi, yatsun sun sandare. Matan coci kuwa ninkin tabarma suke yi." Ta dube shi. "Shekara goma aka ce?"

"Haka lauya ya ce."

"To zan yi ƙoƙari in jira. Kai ma ka yi ƙoƙari."

Ɗan sandan da ke gadi ya juya fuska wajen taga. A gadon kusa wani yana tari. Mesan ya buɗe baki, ya rufe. Harshen da duk Asigame ke yabo ya yi masa nauyi kamar dutsen guga. Ita kuwa ba ta taimake shi ba. Ta zauna, hannu a kan ƙulli, kamar yadda ta tsaya a tsakar ɗaki shekara talatin da suka wuce.

"Dada."

"Ina ji."

"Ƙunar nan ta gefen zani, ni na yi. Da rumfarki. Da sunanki a kasuwa." Muryarsa ta karye, ya tattaro ta, ya ɗaga yadda duk ɗakin zai ji. "Dada, ki yi haƙuri. Ki yafe mini."